Ciwon Sidi da Shayin Maƙeri

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke saukar da cuta Ya kuma saukar da maganinta.

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, maƙwabta suka rufe mana iyakoki har magani ya fara ɓacewa daga farmasi, a shekarar nan ɗana Sidi ya kwanta. Ni baduku ne a tsohon garin Agadas, karatuna na allo ne da littattafan zaure, ban san komai a aikin likita ba. Na ɗauki alƙalami ne saboda mai ciwon sukari da mai jinyarsa, don su san cewa sunan ɗaya ne amma ciwon iri-iri ne. Mu ba mu san haka ba, kuma sau biyu rashin sanin ya kusa sa mu haƙa kabari.

Sidi shofer ne. Yana jan motar wani ɗan kasuwa tsakanin Agadas da wuraren haƙar zinariya na Jado, ya kai abinci da ruwa da mutane, ya dawo. Shekarunsa sun ɗan haura talatin. Matarsa a lokacin tana gidan iyayenta a Ingal tana jiran haihuwar fari, shi ya sa jinyarsa ta faɗo kaina ni da mahaifiyarsa, Tamu.

Ƙarshen damina ya dawo daga wata tafiya, na gan shi a zaure na kusa kasa gane shi. Wuyansa ya zama kamar na ɗan taure mai yunwa, wandonsa ya ƙara masa ƙulli. Abokan tafiyarsa suka ce a hanya ya sha rabonsa na ruwa ya shiga na mutane, kuma mota ba ta yin nisa sai ya tsaya fitsari. Tamu ta ce zafin hamadar Tenere ne, ta dama masa fura da dabino. Ya sha ya nemi ƙari. Muka yi ta murna yana ci, shi kuwa yana ƙara bushewa.

Kafin mako ya zagayo amai ya fara, da ciwon ciki. Wata safiya na tarar yana numfashi sama-sama kamar wanda ya yi gudu, bakinsa na wani wari irin na dabinon da ya fara ruɓewa. Na kira sunansa ya amsa da abin da ba magana ba. Muka ɗauke shi zuwa babban gidan likita.

Ba zan tsawaita kan jiran da muka yi ba. Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya ya san bencin nan, ya san yadda ake riƙe kan mutum a cinya ana kallon ƙofar da ba ta buɗewa. Da aka shigar da shi, majo, wato babban ma'aikacin jinya na sashen, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya soki yatsarsa ya ɗiga jinin a ƴar na'ura. Ya ce sukarin ya wuce abin da na'urar ke iya karantawa. Na ce masa ko dai an yi kuskure, don a sanina ciwon sukari na masu tumbi ne da tsofaffin mata masu ƙiba, wannan kuwa yaro ne da ake ƙirga haƙarƙarinsa. Ya ce in je in sayo abin da ke cikin ordonas, wato takardar magani, magana sai daga baya.

Suka yi ta ƙara masa ruwa da allura. Allah Ya saka wa mutanen nan, sun tsaya a kansa tsayuwar gaske, har ya buɗe ido ya nemi yin salla. Ranar sallama majo ya zaunar da mu ya ce duk alamu sun nuna irin ciwon da jiki ke daina yin maganin sukari gaba ɗaya. Ya nuna mana ƴar kwalbar ansulin da yadda ake jan ta.

"Malam, wannan allurar à vie ce," in ji shi. "Har ƙarshen rai. Kada ya tsallake ta ko rana ɗaya. Sukari kuma ya yi ban kwana da shi."

Tamu ba ta jin Faransanci, amma kalmar nan ta riƙe ta kamar ta haddace aya. Muna isa gida ta tattara sukari da dabino da ƴar zumar da aka kawo mana daga kudu, ta rabar a unguwa. Ta ce abin da ya kusa kashe mata ɗa ba zai sake kwana a gidanta ba. Daga ranar har ni shayi mai ɗaci nake sha. Ba mu da firigo, don haka ta binne wani ƙaramin tulu cikin jiƙaƙƙen rairayi a gindin randa, nan kwalbar ke zama. Ita ke jan maganin a sirinji ta miƙa masa, ta tsaya a kansa har ya soka.

Makonnin farko neman kwalbar nan ne ya fi ba mu wuya. Farmasi ɗaya a ce ta ƙare, ɗaya a ce tana hanya, inda aka samu kuma kuɗin ba na jiya ba ne. Awakin Tamu suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya sai daga Tawa wani ya sako mana ita a motar fasinja, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma.

Masu shawara kuwa ba su ƙare ba. Yayan Tamu, Alhaji Bilal, ya kawo garin hulba da ganyen bedi, wato dogonyaro, ya ce ɗaci ke kashe zaƙi. Surukanmu suka aiko da nonon raƙumi daga Ingal. Wata ta raɗa wa Tamu cewa wani shofer ne ya yi masa jifa don ya gaji motar. Ni dai na yi rubutuna a allo na wanke masa, na ce duk abin da ba zai hana allura ba a kawo, wanda zai hana a koma da shi.

Jikinsa ya fara dawowa. Kumatu suka cika, ƙishin ya tafi, yana kwana ba ya fita. Muka gode wa Allah, muka ɗauka an gama.

Wajen wata na uku wani sabon abu ya ɓullo. Da hantsi, in rana ta fara ɗagawa, sai hannunsa ya kama rawa, zufa ta keto masa, ya yi ta faɗa a kan abin da bai kai ba, shi da ba ya ɗaga wa kowa murya. Yakan ce yunwa yake ji kamar zai ci tabarma. Tamu ta ce sukarin ne ke neman tashi, ta ƙara rage masa tuwo.

A nan ne Alhusaini ya shigo labarin. Ba'abzine ne, maƙerin azurfa, rumfarsa na kallon ƙofar gidanmu tun kafin a haifi Sidi. Butar shayinsa ba ta sauka daga garwashi, bakinsa kuma ba ya hutawa da tsokana. Tun da Tamu ta kori sukari ya sa mata suna Kumandan. In ta fito sai ya miƙe ya sara mata, ya ce ita ma ta rufe iyakarta, har ƙuda sai da takarda yake shiga gidan. Tana zaginsa tana dariya.

Wata rana Tamu ta tafi gaisuwar mutuwa, ni ina kasuwa wajen masu fata. Sidi yana zaune a rumfar maƙeri ana hira, sai magana ta sarƙe masa, ya zame daga kan buzu, jikinsa sharaf da zufa. Alhusaini bai san komai a kan ansulin ba. Abin da ya sani shi ne abin da kakanninsa ke yi wa duk wanda hanya ta kayar: a tallafi kansa a ba shi shayi mai zaƙi. Ya tallafe shi ya ba shi, ya ga yana haɗiyewa, ya ƙara masa, ya sake ƙarawa. Kafin a kira ni daga kasuwa Sidi ya tashi zaune yana tambayar abin da ya tara mutane.

Muka kai shi gidan likita. Majo ba ya nan, wani matashi muka tarar, jama'a sun yi masa yawa. Ya auna ya ga sukari a sama. Da ya ji an ba shi shayi sai ya rufe mu da faɗa, ya ce muna so mu kashe shi ne, ya ƙara yawan maganin da za a riƙa ja. Bai tambayi ko kafin shayin ya faɗi ko bayansa ba. Ni ma ban san tambayar tana da amfani ba. Ba na riƙe da shi a zuciya, amma na rubuta don wani ya tambaya.

Da labari ya kai wa Tamu, ko mayafi ba ta gyara ba ta tsaya a bakin rumfar, gaban masu sayen zobe.

"Na ɗauke ka ɗan'uwa, ashe guba kake dafawa a butar nan. In ɗana ya mutu, kai da Allah."

Tun da nake da Alhusaini ban taɓa ganin ya rasa abin dariya ba sai ranar. Ya ajiye gudumarsa ya ce, "Uwar Sidi, mutum ya faɗi a gabana. Abin da ake ba wanda ya faɗi na ba shi."

Daga ranar ta yanke gaisuwa. In za ta kasuwa sai ta bi ta lungun baya, mai nisa, don kada ta wuce gabansa. Ta hana Sidi zama a rumfar. Na yi mata nasiha a kan haƙƙin maƙwabci, ta ce in ya dawo mata da ɗa daga kabari sai ta gaishe shi. Ni ina gaishe shi yana amsawa, amma ya daina miƙo mini kofi.

Da aka ƙara magani rawar hannun ta ƙaru. Cikin haka aka aiko daga Ingal matarsa ta sauka, namiji. A makon kuma mai motar ya aiko cewa ya yi haƙuri iya haƙuri, in Sidi bai bi ayarin Litinin ta sama ba zai ba wani makullin. Ayarin shi ne jerin motocin da ke tashi tare zuwa Dirku da rakiyar sojoji. Sidi ya ce zai tafi. Ya ce ba zai zauna uwarsa na sayar da awaki, ɗansa kuma surukai na ciyar da shi ba. Kwalbar zai naɗe ta ya rataye jikin salkar ruwa. Na ce masa in ya faɗi a tsakiyar Tenere wa zai auna shi? Ya ce Allah na can kamar yadda Yake nan. Gaskiya ya faɗa, amma ban yi barci ba.

Na je wurin majo in roƙe shi ya hana yaron tafiya, tun da ana jin maganarsa. Na ba shi labarin faɗuwar daga farko. Ya ce shi ma akwai abin da bai kwanta masa ba. Ya ce mu zo ranar Laraba mu ga Lokotoro Ramatu, wata likita ƴar Damagaram da ke bincike a kan ciwon sukari.

Mace ce ƴar siririya, ba ta gaggawa. Ta yi wa Sidi tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi masa: wane lokaci hannun ke rawa, me ya ci kafin nan, zufa yake yi ko bushewa, in ya ci abinci yana lafawa? Ta tambayi yadda ya farfaɗo a rumfar maƙeri. Sannan ta ce a ganinta ba hawa sukarinsa ya yi ranar ba, sauka ya yi har ya kusa ƙarewa, allurar ta yi masa yawa.

Na ce ai an ce jikinsa ya daina yin maganin har abada. Sai ta juya ga Sidi ta tambaye shi rijiyoyin da ya sani a hanyarsa, duk iri ɗaya suke ƙafewa? Ya ce a'a. Akwai wadda ta mutu, ko ka haƙa shekara ba ruwa. Akwai mai ruwa kaɗan-kaɗan. Akwai wadda rairayi ya rufe, in an yashe ta ruwan ya dawo.

"To haka abin da ke yin ansulin a cikinka," in ji ta. "Ranar da aka kawo ka, wadda ta mutu da wadda rairayi ya rufe kama ɗaya suke yi, majo bai yi kuskure da ya ba ka allura ba. In taka ta mutu ce kuma ka bar allura, ba za ka kai Dirku ba. In rufewa ta yi ta buɗe, kuma ka ci gaba da wannan adadin a hanya ba ka ci da kyau ba, nan ma ba za ka kai ba."

Na tambaye ta yadda aka san da wannan iri na uku. Ta ce a gidan likita ɗaya ba su da yawan da za a gane su. Likita ya ga ɗaya bana, ya ga wani baɗi, kafin nan ya manta da na farko. Shi ya sa ita da abokan aikinta na Yamai da Damagaram da Maraɗi da wasu ƙasashen Afirka suke tara bayanan majinyatansu wuri ɗaya a ordinater, wato kwamfuta, a cire suna a sa lamba. Ta ce mafi wuyar aikin shi ne kowane gida da yadda yake rubutu: nan an auna mutum kafin ya ci, can bayan ya ci, wani wurin ba a rubuta nauyinsa ba, wani ya warke bai sake dawowa ba. Sai an zauna an daidaita su kafin a iya jera su. Da aka jera sai masu kama da juna suka fito fili.

Wannan na gane shi sarai. Haka malaminmu ke yi da tsohon littafi: ya aro kwafin wannan gida da na wancan, mu zauna ana karantawa ana gwadawa, inda wani marubuci ya tsallake layi sai na wani ya cike. Kwafi ɗaya ba ya nuna kuskurensa.

Ta ce abu biyu za a nema a jininsa. Ɗaya antikor, mai nuna ko jikin ne da kansa ke rushe rijiyar. Ɗaya peptid C, mai nuna ko da sauran ruwa a ciki. Ba a yin gwajin a Agadas, sai Yamai, kuma da rufe iyaka kayan aikin sun yi ƙaranci, ba za ta yi mana alkawarin amsa kafin Litinin ba. Ta nemi izininsa a sa bayanansa cikin na sauran. Ta ce in ya ƙi ma za ta duba shi daidai da wanda ya yarda. Kafin amsa ta zo, ta rage masa adadin allurar sosai, ta ce kada ya rabu da ƙullin sukari a aljihu, kuma kada ya yi tafiya.

Da yamma gidan ya cika. Alhaji Bilal ya ce a shekarar da ƙasa ke sallamar sojojin Turawa, mu kuma za mu zuba jinin ɗanmu a kwalba mu aika musu? Na ce lokotoro ta gaya mana jinin a Yamai zai tsaya, abin da ke ƙetarawa lambobi ne ba suna. Ya ce haka suke cewa. Na yi istihara, zuciyata ta natsu, amma na bar wa Sidi, don jininsa ne. Washegari ya je ya ba da.

Tamu kuwa ba maganar jini ta dame ta ba. Abin da ta ji shi ne wata yarinya ta ce a rage allurar da ta dawo mata da ɗa daga bakin mutuwa, a kuma sa masa sukari a aljihu. Ta ce gwaji ake yi da shi. Ƙullin da na sayo ta same shi a rigarsa ta ba yaran unguwa. Sannan ta yi abin da ban zata ba. Ta kira Sidi ta ce in dai tafiyar nan yake so, za ta sa masa albarka, amma da sharaɗin ya riƙe allurarsa cikakkiya yadda aka ƙara ta, a nan da can. Shofer a garin nan ba ya shiga Tenere ba da albarkar uwa ba. Ya karɓi sharaɗin. Na yi magana har na gaji. Ita tana kuka tana cewa majo ya ce à vie, shi yana kallon ƙasa.

Ran Lahadi, jajibirin ayari, ya yi allurarsa da safe, ya kurɓi kunu kaɗan ya tafi tasha wajen lodi. Ya yi ta ɗaga buhu da bido, wato jarkoki, a rana. Gab da azahar na ji ana ta fama da ƙyauren zaure kamar mai hannu ɗaya. Ya shigo yana tangaɗi, ya dube ni bai san ni ba, ya zube a tsakar gida. Na zauna na ɗora kansa a cinyata. Rigarsa jiƙe take, jikin sanyi ƙalau a cikin wannan zafi, haƙoransa na haɗuwa.

Na ɗaga kai na ga Tamu ta fito daga gindin randa da sirinji a hannu, ta riga ta ja. Na riƙe wuyan hannunta. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa riƙe ta haka ba.

"Tamu, ranar da muka fara kai shi, jikinsa bushe yake kamar fata a rana. Taɓa shi yanzu."

Ta taɓa goshinsa. Ta dubi tafin hannunta.

"In kin soka masa wannan, da hannunki kika gama da shi. Sukari nake so."

Babu ko ƙwaya a gidan, babu dabino, babu zuma. Mai butik ya rufe shagonsa tun da rana ta take. Gwiwoyina ba na gudu ba ne, kuma in na saki kansa zai bugi ƙasa. Mu biyu duka mun san inda sukari yake a unguwar nan a kowane lokaci. Ta tsaya da sirinjin a hannu, ɗanta na gurnani. Ban san tsawon tsayuwar ba, ni dai na ji kamar shekara. Sai ta ajiye shi a bakin randa ta fita ba takalmi.

Alhusaini ya gaya mini daga baya cewa ba ta yi sallama ba, ba ta kira sunansa ba, kalma ɗaya ta ce: sukari. Shi ma bai tambaya ba. Ya shigo da buta da gwangwanin sukari. Sidi ba ya iya haɗiya sosai, sai na tuna lokotoro ta ce in ya kai haka kada a ɗura masa ruwa ya shaƙe, a shafa masa sukarin a cikin kumatu. Alhusaini ya buɗe bakin, Tamu ce ta dangwalo da yatsarta ta riƙa shafawa tana salati. Can ya motsa harshe. Can ya haɗiye. Da idonsa ya fara tsayawa wuri ɗaya muka ba shi shayin kaɗan-kaɗan. Wancan karon labari aka ba ta. Wannan karon a ƙarƙashin yatsarta ya dawo.

Ayari ya tashi Litinin Sidi yana kwance a gidan likita. Motar aka ba wani.

Amsar Yamai sai bayan makonni ta iso. Babu antikor, peptid C kuwa akwai. Lokotoro Ramatu ta riƙa rage allurar sannu-sannu tana aunawa, har ranar da ta ce a ajiye ta a koma ƙwaya. Ta ja mana kunne cewa ba warkewa ba ce. A cikin mutanen da suka tara, akwai waɗanda rairayin ya sake rufe wa rijiya bayan an daɗe, don haka zai riƙa zuwa awo, kuma ranar da ƙishin nan ya dawo kada a jira. Ta ce kada mu ba kowa labarin nan a matsayin dalilin barin allura. A ɗakin da Sidi ya kwanta akwai wani matashi da ciwonsa ya fara daidai da nasa, shi gwajinsa ya nuna tasa rijiyar ta mutu, allurar ita ce ransa. Ina maimaita wannan ga duk mai karantawa.

Ina da ƙorafi, kuma zan faɗe shi: gari kamar Agadas, jini sai ya yi tafiyar kwana a mota kafin a san irin ciwon mutum. Ina kuma da godiya ga majo da bai ji kunyar cewa abu bai kwanta masa ba, da lokotoro, da wasu bayin Allah a garuruwan da ban taɓa zuwa ba, waɗanda suka yarda aka jera ciwonsu kusa da na wasu. Ban san sunan ko ɗaya ba, ina sa su a addu'a. Sidi yanzu yana jan wata mota tsakanin nan da Ingal, yana kwana kusa da likita, yana ganin ɗansa.

Duk wannan lokacin Tamu ta daina bin lungun baya, amma in ta zo gaban rumfar sai ta sunkuyar da kai ta wuce da sauri. Alhusaini bai tsokane ta ba, bai kuma sara mata ba. Na ga abin yana cin ta.

Ranar da aka ajiye allura, da la'asar, ta sa mayafinta na fita ta ce in raka ta. A hannunta akwai dunƙulen sukari mai tsini, irin wanda ake fasawa da ƴar guduma, naɗe cikin takarda. Rumfar cike take da mutane, kusan waɗanda suka ji zagin ranar. Ta ajiye shi a gaban maƙerar.

Alhusaini ya ɗaga ya auna a hannu. "Kumandan, ƴar dangwala kika ɗauka a gwangwanina. Wannan ya yi yawa."

"A gaban mutane na ce kana dafa guba," in ji ta. "A gabansu nake cewa ƙarya na yi maka. Ka yafe mini."

Ya ce ya yafe tun ranar da ya gan ta ba takalmi, sai dai akwai gaisuwar wata da watanni da ba a ba shi ba, ita kam ba zai bari ba.

Tamu ta gyara mayafi ta durƙusa a bakin tabarma. Ta ce ina kwana. Ya ce lafiya lau. Ta ce ina gajiya, ya ce babu gajiya. Ta tambayi gida, ta tambayi iyali, ta tambayi zafi da aiki da kasuwa, ta tambayi ƴarsa da ke aure a Arlit da tsohuwarsa da ke daji. Da ta kai ƙarshe ta sake ɗaukowa daga ina kwana. Shi kuwa yana amsawa ɗaya-ɗaya, yana fasa sukarin yana zubawa a buta, har shayi ya nuna ya miƙa mata kofin farko.